Shekarar da Yaya Hauwa Ta Nemi Alƙali

Ku 'ya'yana, da ku jikokina da Hausa ta fara yi muku nauyi a baki, wannan babin na Yaya Hauwa ne, wadda kuke kira Hala Hauwa, wato 'yar'uwar uwa da Larabci, alhali ko ɗayanku bai taɓa ganin fuskarta ba. Na san abin da kuka ji a bakin mutanen unguwa: wai ta sami taɓin hankali a lokacin aikin Hajji, ta riƙa tare alhazai a hanya, hukuma ta gaji ta mayar da ita gida. Ni ma an sha faɗar haka a gidan biki ina zaune, ban tanka ba, don a lokacin shirun shi ne yake tsare mana gida. Yanzu duk waɗanda nake gudun bakina ya jawo wa wahala sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, kwanakin baya na tarar da ku gaban talabijin kuna gardama a kan wata kotun duniya mai shari'ar laifukan yaƙi, wai wata babbar ƙasa ta ƙaƙaba mata takunkumi don ta nemi taɓa sojojinta. Wannan yana cewa kowace ƙasa ta ji da nata, wancan yana cewa to wanda ƙasarsa ce ta zalunce shi fa. Ba ku san an yi wannan gardamar a ɗakinmu na Misfala, nan cikin Makka, ba, a kan tabarma, babbanku yana cikina.

Mu mutanen Kwarin Gawo ne, wani ƙaramin ƙauye kusa da kan iyaka, a ƙasar da Faransawa suka mulka. Mu biyu Inna ta raya, ni da Yaya Hauwa. Ita ce 'yar fari, shi ya sa Inna ba ta kama sunanta, Kulu take ce mata. Ta yi aure a cikin gari, mijinta Habu, manomi mai yawan raha, wanda in ya shigo gidanmu sai ya tsokane ni ya ce ni ce na sha masa fura. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai rigima ta tashi tsakanin gwamnati da wasu da suka ɗauki makami a kanta. Mu ba mu san kan zancen ba. Wata rana bayan an gama girbi wasu samari masu bindigogi suka ratso ta gonakinmu, leɓunansu duk sun tsage, suka roƙi abin sha. Baba ya sa aka dama musu fura kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi, Habu ya nuna musu rijiya. Suka sha suka wuce, ko sunan ɗayansu ba mu ji ba.

Ba a daɗe ba sojoji suka iso cikin motoci, da hantsi. Shugabansu dogo ne, ana ce masa Kwamanda. Abin da na fi riƙewa game da shi muryarsa: ba ya ɗaga ta ko kaɗan, a hankali yake magana kamar mai tambayar lafiyar iyali. Ya sa aka tara mazan gari a bakin kasuwa, ya tambayi wa ya ciyar da 'yan tawaye. Baba ya miƙe da kansa, don a ganinsa bai yi abin ɓoyewa ba. Aka fitar da Habu, aka fitar da wasu. Ba zan rubuta muku abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. Ku dai sani a gabanmu aka yi. Suka cinna wa rumbuna wuta, sannan Kwamanda ya hana a taɓa gawarwakin sai washegari, wai mutanen ƙauyukan kusa su zo su gani su ɗauki darasi. Yaya ta kwance mayafinta ta je gabansa ta durƙusa, ta ce ya bar ta ta rufe wa ubanta da mijinta fuska kawai. Ya dube ta ya ce,

"Baiwar Allah, koma gida."

Ba ta koma ba. Ta zauna a inda sojoji suka ce kada a ƙetare, ta tara tsakuwa a gabanta, ta wuni cikin rana tana jifar ungulu.

Bayan an yi addu'ar bakwai Inna ta ce ba za ta iya shan ruwan rijiyar nan ba kuma. Muka sayar da 'yan awakinmu muka yi gabas. Mun ratsa Chadi, mun yi tsintar auduga a Sudan har Allah ya hore mana abin shiga jirgin ruwa, aka sauke mu a wani bakin teku da babu kowa, muka ƙarasa da ƙafa. A duk tsawon hanyar nan Yaya ba ta cika magana ba, amma akwai abin da takan maimaita in gajiya ta kwantar da mu. Takan ce a Makka akwai shari'ar da babu sarkin da ya fi ƙarfinta, can talaka yakan tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai mulki. Ni na ɗauka ƙarfafa mana zuciya take yi. Ashe da gaske take.

A Misfala muka sami ɗaki, cikin wani lungu da in mai ruwa ya shigo da garewaninsa sai kowa ya manne da bango. Nan babanku ya gan ni. Shi haihuwar Makka ne, iyayensa sun zo ta Sudan tun da daɗewa, yana da takardunsa, yana da ɗan shagon turare da carbi. Da aka ɗaura mana aure sai ya shigar da ni cikin igamarsa, na zama mai izinin zama. Inna da Yaya kuwa babu abin da suke da shi, kamar yawancin Takari a lokacin. Yaya tana dama kunu tana soya waina, in lokacin Hajji ya zo mu ɗauki tukwane mu tafi Mina mu kafa murhu kusa da tantunan mutanen ƙasarmu, don alhaji in ya kwana biyu yana cin burodi da wake, ya ji ƙanshin kunun tsamiya, ba ya iya wucewa.

Hajjin shekarar da nake ba ku labari ya faɗo cikin sanyi. Ranar jifan farko, da safe, ina wanke kofuna Yaya tana zuba kunu, sai ga wani dogon mutum cikin harami, kansa ya fara furfura, wasu mutum biyu suna biye da shi. Ya tsaya ya leƙa tukunyar, ya ce,

"Baiwar Allah, da zafi kunun?"

Ludayin ya faɗi cikin tukunya. Na ɗaga kai na ga Yaya ta miƙe tsaye, hannuwanta a sake, tana kallonsa ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji ba.

"Kwamanda," in ji ta.

Ya yi ɗan murmushi. "Nan babu kwamanda, duk alhazai ne. Kin san ni ne?"

"Ni 'yar Malam Isa ce, matar Habu. Kwarin Gawo."

Ya ɗan karkata kai yana tunani. Wallahi ba yi yake da gangan ba, na kalli fuskarsa da kyau.

"Wane gari kika ce?"

Ɗaya daga cikin mabiyansa ya raɗa masa wani abu, ya ja hannunsa, suka shige cikin jama'a. Yaya ta koma ta zauna, ta tsamo ludayin, ta ci gaba da zuba wa mutane kunu har tukunya ta ƙare. Ba ta yi kuka ba. Sai da muke ɗaure kaya ta ce da ni, "Salamatu, kin ji ko? Bai ma tuna garin ba."

Da muka dawo Misfala, bayan la'asar, ta zaunar da mu ta ce za ta kai ƙara. Inna tana jingine da bango tana jan carbi, ta ce,

"Kulu, mun baro musu ƙasar, mun zo ɗakin Allah. Ki bar shi da Mai ɗakin."

"Inna, Mai ɗakin ne ya kawo shi gaban tukunyata. Cikin dubban mutane, tukunyata. Don in zuba masa kunu ya kawo shi?"

Babanku mutum ne mai taka-tsantsan, ya san hukuma fiye da mu. Ya ce, "Yaya, ki saurare ni. Ba ki da igama. Duk ƙofar da za ki ƙwanƙwasa, abin da za a fara tambayarki ke nan. Shi baƙon gwamnati ne, da fasfo ya zo, a jirgin sama. In aka kama ki, halas, tarhil ne, a kore ki daga ƙasar, kuma kin san inda za a kai ki."

"Na sani, Adamu."

"Kuma in aka bi sawunki har nan, Inna fa?"

Yaya ta waiga ta dubi Inna. Ni ina gefe da tsohon ciki, zuciyata ta rabu. Rabina yana son ta tashi ta je ta tona masa asiri a gaban duniya, rabina yana son a rufe ƙofa a sa mata sakata har jirginsu ya tashi. Na ce a kira Malam Bala tukuna. Shi ne dattijon mutanenmu a unguwar, mai raba gardama, ya yi yawon duniya, kuma rediyo ba ya barin kunnensa. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya ji komai, ya yi salati ya share ido da hannun riga. Ya ce shi dai ya ji cewa bayan babban yaƙin Turawa an kafa wata kotu, aka gurfanar da manyan hafsoshi, har waɗanda suka ce umarni aka ba su ba su tsira ba. Yaya ta matso kusa har gwiwarta tana taɓa tabarmarsa.

"A ina take, Malam? Ko da ƙafa ne zan je."

"Ai 'yar nan, ta tashi tun tuni. Ta wannan yaƙin ce, kuma waɗanda suka ci yaƙin ne suka kafa ta. Ba a yi ta don irinmu ba. Yanzu kowace ƙasa cewa take ɗanta nata ne, ba mai hukunta mata shi sai ita."

"In ita ce ta aike shi fa?"

Malam Bala ya buɗe tafin hannuwansa biyu.

Abin da aka tsayar a ranar shi ne, za a fara kai Inna Ka'akiyya, can bayan gari, wurin wata ƙanwar kakarku ta wajen uba, don ko wani abu ya faru kada a same ta a Misfala. Yaya da kanta ta ɗaure mata kaya. Inna ta riƙe hannunta a bakin mota ta ce, "Ban hana ki ba, Kulu. Amma ban ce ki je ba." Yaya ta ce ta ji.

Da fari mun je wurin jami'an da suka rako alhazan ƙasarmu. Wani saurayi mai tabarau ya karɓe mu a zauren masaukinsu. Ba mugu ba ne, har ya sa aka kawo mini kujera da ya ga halin da nake ciki. Ya saurari Yaya har ta gama, yana murza goshi. Sannan ya ce abin da ya faru a wancan lokacin sha'anin tsaron ƙasa ne, kuma ya wuce.

"Hajiya, shekara da shekaru Faransawa suna yanke mana hukunci a kotunansu. Da ƙyar muka karɓi ƙasarmu. Yanzu so kike mu ɗauki hafsanmu mu miƙa wa baƙi su yi masa shari'a? In muka yarda da wannan yau, gobe kowa sai ya sa mana hannu a cikin gida. Muna da alƙalanmu. In kina da ƙara, ki koma gida ki kai."

"In na koma, kai za ka raka ni wurin alƙalin?"

Ya cire tabaransa ya goge. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Shawarar ƙane zan ba ki. Kada ki koma. Kuma kada ki sake zuwa nan."

Sai kotu. Babanku ya yi rantsuwa ba zai je ba, amma da gari ya waye na gan shi ya sa sabuwar jallabiya, ya ce in bai je ba wa zai yi mata tafinta. Muka zauna a wani dogon baranda tare da masu rigimar gado da masu rigimar haya har rana ta take. Alƙalin tsoho ne, gemunsa fari fat, idonsa ɗaya ya fara yana. Yaya ta tsaya ta faɗi komai, tun daga furar har zuwa ungulun, babanku yana juyawa da Larabci, muryarsa tana rawa. Ita tata ba ta yi rawa ba. Alƙalin bai katse ta ba. Da ta gama ya tambayi inda abin ya faru, ya tambayi ko akwai shaidu maza. Ta ce mazan da suka gani, wasu suna cikin kabari, sauran suna can ƙarƙashin ikon mutumin. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ya binti, 'yata," in ji shi, "ban ce ƙarya kike ba. Amma wanda ya naɗa ni, a kan ƙasarsa ya naɗa ni. Hannuna, iyakarsa iyakar ƙasar nan. Jinin da aka zubar a ƙasar wani mai mulki, ba ni da iko a kansa."

"Amma ga shi a cikin ƙasar taku. Jiya ma na gan shi yana shiga Harami."

"Da a nan ya taɓa ki, ko mari ne, da yau na sa an kawo shi. Wannan kuwa sai alƙalan ƙasarku."

"Allah ya gafarta Malam, shi ne ƙasar tamu."

Babanku ya fassara. Alƙalin ya rufe ido. Sannan ya yafuto shi, ya yi masa magana a hankali. Sai a waje babanku ya gaya mana abin da alƙalin ya ce: ya fitar da ita ta ƙofar baya, shi bai tambaye ta igama ba kuma ba zai tambaya ba, amma bai san abin da askarawan ƙofar gaba za su yi ba. Ya kuma ce a gaya mata akwai zaman da babu iyakar ƙasa a cikinsa, kuma can ba a neman shaidu maza. Yaya ta ji, ta gyaɗa kai. Ta ce, "Wannan na sani tun ina Kwarin Gawo. Ba sai na ƙetare teku ba."

Na ɗauka shi ke nan. Har na fara jin sanyi a raina, Allah ya sani. Amma washegari da safe ta sa baƙar abayarta ta fita, ta je ta tsaya a ƙetaren titi, daidai ƙofar masaukin Kwamanda. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba, ba ta tare wa kowa hanya ba. Duk alhajin ƙasarmu da ya fito ya tambaye ta lafiya, sai ta gaya masa sunan garin da sunayen mutanen da abin da aka yi musu. Wasu su yi salati, wasu su yi sauri su wuce, wata tsohuwa kuma ta rungume ta ta ce su ma an yi a nasu garin. Haka ta riƙa yi kullum, daga safe zuwa azahar. Ni nakan kai mata ruwa. Ina nan ranar da ya fito shi kaɗai ya ƙetaro titi ya tsaya gabanta. Ya rame, ko kuma farar rigar ce ta yi masa yawa.

"Na tuna garin," in ji shi. "Mai rijiya a bakin kasuwa."

Yaya ta tsare shi da ido. Ya ci gaba,

"Yaƙi ake yi. Umarni aka ba ni. Da ban yi ba, da an sa wani ya yi, ni kuma a harbe ni. Na tsaya Arfa, na yi kuka, na roƙi Allah gafara."

"Allah yakan yafe nasa. Nawa fa?"

"Shi ya sa na fito. Ki yafe mini, don darajar wurin nan."

Na ga leɓenta yana motsi kafin magana ta fito. Ta ce, "Ka shiga ciki ka tara alhazan nan. Ka ce musu, ni na kashe Malam Isa da Habu da sauran, a kan fura, kuma na hana a rufe musu fuska. Da bakinka. In ka yi, na yafe maka duniya da lahira, in koma ga tukunyata."

Ya waiga ya dubi ƙofar masaukin. Mutane sun fara leƙowa ta tagogi. Na rantse muku na ga kamar zai yi, har ya buɗe baki. Sai ya ce,

"Ba ni kaɗai ba ne a cikin maganar nan. Sunan ƙasa ne."

Ya juya ya koma ciki.

Ban san ko shi ne ya kai ƙorafi ba, ko jami'an ne, ko mai masaukin. Washegari da na kawo ruwa ban same ta ba. Mai sayar da burodi a kusurwa ya ce motar shurɗa, 'yan sandan nan, ta zo, sun tambaye ta igama, ta ce ba ta da ita, ta shiga motar da ƙafarta. Suka tambaye ta inda take zaune da wanda take da shi, ta ce ba ta da kowa. Har aka kai ta Jidda ba ta ambaci Misfala ba, ba ta ambaci Ka'akiyya ba. Maganar hauka kuwa daga masaukin ta fito, don ita ce amsar da ta fi sauƙi ga duk alhajin da ya tambaya, daga nan ta yaɗu har ta shigo unguwarmu.

Babanku ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya bi manya, ya bi umda, mai unguwarmu, kowa ya ce wadda aka kama a kan ƙorafin baƙin gwamnati ba mai iya fito da ita. Abin da ya samo mana shi ne izinin ganinta sau ɗaya a gidan tarhil, a matsayin maƙwabta. Muka same ta a wani fili mai zafi cike da mata, ta bayan waya. Ta zura yatsunta ta cikin wayar ta shafa cikina.

"Kada ki yi kuka, za su gane," in ji ta. "Yaya Inna?"

"Ba ta cin abinci."

"Ki dama mata da tsamiya sosai, ba ta son mai zaƙi. Kuma ki ce mata ba ta yi laifi ba da ba ta hana ni ba."

"Yaya, da kin bari. Me aka samu?"

Ta dubi matan da ke bayana. Sannan ta ce, "Alƙali ya ji. Alhazai sun ji, za su koma da shi garuruwansu. Shi ma ya tuna garin. Ban sami abin da na zo nema ba, Salamatu, kada in yi miki ƙarya. Amma da na zuba masa kunun nan na yi shiru, da ban sake iya kallon tukunyar ba."

Askar ya buga ƙarfe, aka kore mu. Na waiga na ga ta koma ta zauna a ƙasa, ta juya mana baya. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Na haifi babbanku ba da daɗewa ba. Inna ta karɓe shi, ta yi masa addu'a, amma ba ta sake komawa daidai ba. Ta ƙi dawowa Misfala, wai kada ta ga murhun. Takan zauna a ƙofar ɗakin kwano a Ka'akiyya tana kallon hanyar mota. Kafin Hajji ya zagayo ta rasu, aka yi mata salla a Harami aka kai ta maƙabarta. Duk shekara nakan bi tantunan Mina ina neman wanda ya fito daga wajejenmu, in ba shi saƙo ya kai wa Yaya. Da sun ji sunan garin sai fuskarsu ta canza. Wasu su ce to, amma na san ba za su je ba. Kwamanda kuwa, na ji an ce ya yi ritaya cikin mutunci, ana ce masa Alhaji, ya mutu a kan gadonsa.

Sai da babbanku ya isa shiga makaranta sannan wata mata ta zo tana tambayar gidan Salamatu 'yar Malam Isa, lungu-lungu, har aka kawo ta. Daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu take. Ita ta gaya mini cewa da aka sauke Yaya an tsare ta na wani lokaci, aka sake ta, ta koma Kwarin Gawo. Da fari mutane suna tsoron gaishe ta a fili. Ta gyara ɗakin Baba ta zauna, ta kewaye kaburburan da ƙaya don dabbobi, tana noma 'yar gonar da hannunta. Ba ta sake aure ba. Da ta ji matar nan tana shirin tafiya Hajji, ta taka har garinsu ta ba ta saƙo, ta sa ta maimaita har ta haddace.

"Ta ce in gaya miki ta same su, tana zaune kusa da su, kada ki damu da ita. Ta ce in tambaya mace kika haifa ko namiji. Kuma ta ce ki gaishe da Inna, ki gaishe ta sosai."

Na ce Inna ta daɗe da rasuwa, in ta koma ta gaya mata a hankali. Matar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ta ce tafiyarta ba ta yiwu ba a shekarar da aka ba ta saƙon, sai bana. Yaya kuwa zazzaɓi ya ɗauke ta a daminar da ta wuce. An binne ta a cikin shingen ƙayar.

Na ba matar abinci, na raka ta har bakin titi. Daga nan ban koma gida ba. Na wuce maƙabartar da aka kai Inna. Kun san a garin nan mata ba sa shiga, kuma ko an bar ni ban san wane kabari ba ne, don babu alama. Na tsaya a bayan katanga, motoci suna wucewa ta bayana, na dafa dutsen da tafin hannuna, da zafinsa da komai. Na ce,

"Inna, Kulu tana gaishe ki. Ta ce in gaishe ki sosai."